Gwangwanin da Na Kai Riyad

Tun da na dawo daga Riyad ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Inna Hajara, yaya ƙasar Larabawa?" Waccan ta ce wai da gaske ne akwai banɗaki a cikin jirgi. Na faɗa, na sake faɗa, amma kullum in na kawo wani wuri sai kuka ya ci ƙarfina, a watse labari bai ƙare ba. Shi ya sa na roƙi Malama Asabe ta zo da takarda. Ni ko alif ban sani ba. Ina faɗa tana rubutawa, in na yi kuka ta jira ni, daga baya ta karanta muku gaba ɗaya.

Kun san maigidana Malam ya rasu da daminar bara. A gona ya faɗi, tsakiyar gero. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce sun tarar jikinsa yana ta jijjiga, kumfa na fita ta baki. Kafin a sami mota rai ya yi halinsa. Wasu suka ce hawan jini ne, wasu suka ce iska ce, ni na ce kwana ne ya ƙare. Tun ina yarinya nake gidan mutumin nan. Har yau in na dama kunu sai in ga na zuba kofi biyu. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Babban ɗanmu bai sami jana'iza ba. Shi ne ɗan fari, kun san ba na kama sunansa, don haka a nan Babba zan ce masa. Yana Riyad yana tuƙa motar rarraba kaya, kuma mutumin da ya ɗauke shi aiki, kafili suke ce masa, bai sake shi ya zo ba. Da na fita takaba sai ya bugo wa ƙanwarsa waya ya ce tunda shi bai zo ba, ni in je. Ya yi mini takardun ziyara. Ya ce abu ɗaya yake so, in taho masa da rabonsa na kayan jikin ubansa.

Liman ya riga ya ware masa shuɗiyar babbar rigar Juma'a da hula da carbi. Amma akwai abin da bai shiga rabo ba, don ba wanda ya san da shi sai ni. Wani ɗan gwangwanin alawa ne da Malam ke ajiyewa a ƙarƙashin matashi. Kun san mai maganin nan da ke zuwa da babur ran kasuwa. A wurinsa yake sayen maganin ciwon baya da na gajiya. Ba ya son takardar da ake manne su a ciki, wai tana ba shi wahalar ɓarewa, sai ya ɓare duka ya juye a gwangwani, jajaye da koraye da farare, da wasu rabi ja rabi rawaya. In ya sha biyu da kunu sai ya yi noman da saurayi ba zai yi ba. Ni kuwa na ji Babba a waya yana ce wa ƙanwarsa zaman mota ya kashe masa baya. Na ce a raina, ga maganin ubansa ya rage, me zai sa ya lalace? Na sa gwangwanin a aljihun rigar, na ninke, na ajiye a ƙasan jaka.

Ran tafiya aka sa ni a motar Kano, gidan gaba, saboda gwiwata. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe. Muka zauna gindin wata darbejiya muna jiran mai faci, wata Bafulatana ta sauke mana ƙwarya. Na karɓi ludayi na ɗebo nonon na ɗaga na tsiyaya a hankali, in ga ko ta ƙara ruwa. Ta ce, "Haba Inna, ba ki yarda da ni ba?" Na ce, "Yarda daban, dubawa daban." Aka yi dariya. Ku riƙe wannan magana, don daga baya ita ta dawo ta mare ni.

A Kano na kwana gidan Hajiya Talatu, wata 'yar kasuwa mai zuwa Saudiyya saro abaya, wadda Babba ya roƙa ta riƙe ni a hanya. Mace ce mai baki. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce in zazzage jakata a tabarma. Ta ga kuka da daddawa da kilishi ba ta ce komai ba. Da ta ga goro sai ta dafe ƙirji.

"Inna, so kike a tsare mu? Goro ba ya shiga can!"

Goro ne fari mai kyau, na tsarabar mutanen garinmu. Ina ji ina gani aka rarraba wa maƙwabtanta. Don baƙin ciki na zauna na tauna har muƙamuƙina ya yi tsami.

Ta ce, "Babu wanda ya ba ki saƙo ki kai wa wani?" Na ce babu. Ta ce, "Babu ƙwaya?" Maganar ta yi mini zafi. Na ce, "Hajiya, dube ni da furfurata. Na yi kama da masu ƙwaya?" Ta ba ni haƙuri. Wallahi ko kusa raina bai je kan gwangwanin ba. A wurina ƙwaya ita ce abin da 'yan iskan bakin tasha ke sha. Na Malam magani ne, na mutumin da ba ya barin sahun farko a masallaci. Da ta kai hannu kan rigar na ce ta mamaci ce, sai ta janye hannunta ta yi masa addu'a.

Jirgi dai akwai banɗaki, ku huta da tambaya. Amma in ka danna abin ruwan sai ya yi wata irin ƙara kamar zai haɗiye ka, na fito a guje ina riƙe da zani. Ga sanyi kamar an sa mutum a randa. Abincinsu ban ci ba, don ban san wanda ya yanka ba, ƙuli-ƙulina na gurgura. Muka sauka ƙasar Habasha don canza jirgi, a nan na gamu da matattakala mai tafiya da kanta. Na tsaya na ce sai ta tsaya zan hau. Mutane suka taru a bayana, Hajiya Talatu tana can sama tana ɗaga mini hannu tana faɗa. Wani dattijo Bahabashe mai sanda ya kama gefen mayafina ya ja ni, muka hau tare, shi yana dariya ni ina salati.

Da muka sauka Riyad aka jera mu a layi. Ana ɗora yatsu a kan wani gilashi, ya ɗauki zanen hannun mutum. Nawa ya ƙi ɗauka. Matar da ke wurin ta goge mini yatsun, ta danna, ta sake dannawa, ta juya tafina tana kallo. Hajiya Talatu ta ce wai tana tambaya wane aiki nake yi da ya cinye zanen. Na ce ki gaya mata surfe da sussuka. Daga baya babban yatsa ya taimaka aka sake ni.

A wurin duba kaya daddawa ta tona mana asiri. Wani ma'aikaci ya buɗe jakar, ya kau da kai yana toshe hanci, Hajiya Talatu tana ce masa da Larabcinta na kasuwa kayan miya ne. Ya ci gaba da tono har ya kai ƙasa, ya ɗago rigar Malam yana kallon aikin wuyan. Ganin ta a hannun baƙo sai hawaye suka zubo mini. Aka gaya masa ta mijina ce da ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, wannan kam na gane, ya mayar da ita a hankali da hannu biyu, ya rufe jakar. Na yi masa godiya na wuce. 

Babba na jira a waje. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Larabawa na wucewa suna kallonmu. Ku da kuka haifi ɗan fari kun san yadda abin yake. Ban kalli fuskarsa ba, hannuwansa na kalla, kamar yadda na saba tun yana yaro. Sun rame. Na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, Inna." Ya ɗauki jakata muka nufi mota.

Garin nan ba a tafiya a ƙasa. Titi a kan titi, mota bayan mota, ban ga akuya ko ɗaya ba, ban ga mai talla ba. Babba yana kwana ne da wasu maza a ɗaki ɗaya, don haka ya kai ni wata unguwa da ake kira Suwaidi, gidan Alhaji Garba, mutumin Kano da ya daɗe a can. Gidajensu a sama suke, wani kan wani, kowa ya rufe ƙofarsa. Ka yi shekara ba ka san wanda ke kwana a kan rufinka ba. Matarsa Rabi ta karɓe ni kamar uwarta. Ta yi karatun haɗa magunguna, a ɗakin magani na wani asibiti take aiki. 'Ya'yanta kuwa Larabci ne a bakinsu, in na yi musu Hausa sai su kalli uwarsu ta fassara.

Shinkafa ce abincinsu, safe da rana da dare. Kabsa suke ce mata, da kaza ko rago, a shimfiɗa leda a ƙasa a ɗora faranti ɗaya kowa ya sa hannu. Da daɗi, amma ba ta zama a ciki kamar tuwo. Wata maƙwabciyar Rabi 'yar Yaman ta shigo yi mini gaisuwa da butar gahawa, ta zuba mini a wani kofi kamar murfin kwalba. Ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kar ta ji kunya, na miƙa mata kofin, ta sake cikawa. Na shanye, ta cika. Ashe sai ka girgiza kofin ake sanin ka ƙoshi. Ni ina jira ta gaji, ita tana jira in girgiza, sai da Rabi ta shigo ta cece ni.

Babba kuwa ba na ganinsa sosai. Yana fita tun asuba, kafilinsa na ta kira a waya, "yalla, yalla," wato yi sauri. In ya zo gaishe ni ba ya cin abin kirki, ya yi ta zufa alhali ɗakin da sanyi. Na ce zafin ƙasar ne.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutanenmu suka zo yi mini ta'aziyya a falon Alhaji Garba. Direbobi ne da leburorin gini, har da wani Malam Issufu mutumin Damagaram, mai barkwanci, wanda ya ce shi kilishi ya zo yi wa ta'aziyya. Aka yi addu'a aka shafa. Na rarraba tsaraba, na ba su haƙurin goro. Sannan na tura wa Babba rigar da hula da carbi. Ya kifa fuskarsa a cikin rigar, kowa ya sunkuyar da kai. Don in rage nauyin wurin sai na ce, "A duba aljihu, akwai maganin bayan ubansa." Garin zarowa gwangwanin ya suɓuce masa, murfin ya buɗe, ƙwayoyin suka watse a kan dardumar.

Kowa ya zuba musu ido.

Malam Issufu ne ya fara magana. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Inna, da wannan kika ratso filin jirgi?"

Na ce, "Da shi mana. Goro ne aka hana."

Ya miƙe ya ce ya tuna ya bar wuta a kunne. Daga baya aka ga takalmin wani ya saka, ƙafa ɗaya. Sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Alhaji Garba ya murza mukulli, ya saki labule, ya dawo ya tsuguna gabana yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, a ƙasar nan abin da bai kai wannan ba ana ɗaure mutum shekaru. Wani ma ba ɗauri ba." Ya shafa wuyansa. "Ba za su tambaye ki na waye ba. Da ke, da ni mai masauki, da wanda ya yi miki takarda, duk ɗaya ne."

 Na tuna ma'aikacin nan da ya riƙe rigar da hannu biyu. Na ce, "Magani ne fa. Maganin Malam ne."

Babba ya durƙusa yana tattarawa da sauri. Ya ce, "Bari in je in zubar."

Daga bakin ƙofar kicin Rabi ta ce, "Ajiye tukuna. Ba abin da za a zubar sai na gani."

Ta kawo farin faranti ta juye su kusa da taga. Ta sa safar hannu, ta ɗauki cokali tana ware su da gindinsa, kowane launi gefe. Ta haska fitilar waya tana duba ɗan tambarin da ke jikin kowanne, tana gwadawa da hotunan da ke wayarta. Wani tana taɓawa ya marmashe kamar alli. 

Ta nuna korayen ta ce, "Wannan na san shi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, ko a asibiti sai likita ya sa hannu, kuma wannan ƙarfinsa ya wuce wanda ake bai wa mutum. Jajayen nan tambarinsu na ƙarya ne, kamfanin ba ya buga irin wannan. Waɗannan kuwa ban san ko mene ne ba. Wanda ya sayar ma bai sani ba." Ta ɗago ta dube ni. "Inna, yaya Baba ya rasu?"

Na faɗa mata, jijjigar da kumfar. Ta tambaya ko ya taɓa yin haka kafin nan. Na ce sau ɗaya, da rani, muka yi masa hayaƙi. Ta tambaya ko yana haɗa su yana sha. Na ce kore ɗaya ja ɗaya, in aiki ya yi yawa ya ƙara. Ta cire safar hannun a hankali.

Ta ce, "Ba zan ce su ne ba, Allah ne masani. Amma koren nan in ya yi yawa haka yake yi wa mutum."

Malama, tsaya kaɗan.

To. Mu ci gaba. Aka kira la'asar, Alhaji Garba da Babba suka tafi masallaci, Babba ya ce in ya dawo zai tafi da gwangwanin. Muka rage ni da Rabi da farantin. Na yi kuka har na gode Allah. Da na lafa na tambaye ta yadda aka yi ta san su haka. Ta ce ai kusan kullum tana ganin irinsu. Mutanenmu da ke gini cikin rana, da masu tuƙin da ba sa samun barci, da yawa suna sayen irin wannan a ɓoye don jiki ya ɗauka. Ba ta yarda a kawo mata gida, don haka hoto suke ɗauka. Mutum ya zuba a tafinsa ya ɗauka, ya tura wa wani, wani ya tura wa Alhaji, Alhaji ya turo mata. Ba fuska, ba suna. Ita kuma ta duba ta mayar da amsa da murya: wannan jabu ne kar ka sha, wannan kar ka haɗa shi da wancan, wannan in ka sha kar ka hau bene kar ka kama sitiyari.

Na ce, "Ke Rabi! Da iliminki da hijabinki, ki duba wa mutum kayan maye? Ba za ki ce ya ji tsoron Allah ya bari ba?"

Ta ce, "Ina faɗa, a ƙarshe. In na fara da shi ba zai sake turowa ba, kuma ba bari zai yi ba. Zai sha ne a makance."

Ta ce ita ma abin nata rabi ne, don ido ba ya ganin cikin ƙwaya. A wata ƙasar Turawa inda ta je ƙarin karatu ta ga wurin da ake yin abin sosai. Ɗaki ne a cikin unguwa kamar ɗakin shan magani. Mutum ya kawo ɗan abin da ya saya, a sa a na'ura, a gaya masa abin da ke ciki. Ba a tambayar sunansa, ba a kira masa 'yan sanda. Wani in ya ji abin da ke ciki a nan yake zubarwa, wani ya rage, wani kuma ya tambayi inda ake taimakon mai son bari.

Na riƙe baki. Na ce, "Kuma hukuma ta sani? Ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne."

Ta ce, "Haka mutane da yawa ke cewa, har a can. Ni dai abin da na sani, Inna, mai rai ne ke tuba. Da akwai wanda Baba zai nuna wa gwangwanin nan ba tare da ya ji kunya ba..." Ba ta ƙarasa ba.

Sai Bafulatanar nan ta faɗo mini a rai. Ni da ba na sayen nono sai na ɗaga ludayi, ba na sayen tukunya sai na ƙwanƙwasa, na zauna shekaru ina miƙa wa mijina kunu yana haɗiye abin da ba wanda ya taɓa dubawa.

Rabi ta matso da wayar don ta nuna mini ba Malam kaɗai ba ne. Tana shafawa, hannuwa na wucewa. Tafin da siminti ya farfasa, tafin da fenti ya ɓata, wani da yatsa huɗu. Kowanne da 'yan ƙwayoyi a tsakiya. Ina kallo ina salati. Sai na ce, "Koma baya."

Tafin hagu ne, da tabo daga gindin babban yatsa ya lanƙwasa zuwa wuyan hannu. Lauje ne ya yi shi. Yana ɗan yaro ya je yankan ciyawar awaki, ya dawo jini na zuba. Kakarsa ce ta wanke ta ɗaure, ni ina tsaye bakin ƙofa, kunya ta hana ni taɓa shi. Shekara da shekaru in ya durƙusa gaishe ni wannan tabon nake kallo a maimakon fuskarsa. Koraye ne a tafin, irin na faranti.

Rabi ta ga yadda na yi, ta kife wayar. Ta ce, "Wallahi ban san na waye ba. Da na sani da ban nuna miki ba."

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Na ce sun yi ƙarfi, kar ya tuƙa mota a kansu, ya nemi likita."

"Ya ji?"

"Ban sani ba. Amma bayan kwanaki ya sake turo wani, ya tambaya kafin ya sha. A nan na san yana raye."

Muka ji mukulli. Suka shigo da sallama. Babba bai zauna ba, ya nufi farantin ya juye komai a gwangwani ya rufe, ya sa a aljihu. Ya ce akwai wata babbar bola a hanyar wurin aikinsa. Alhaji Garba ya ce ya yi sauri, ya kula da hanya. Rabi ta dube ni, ba ta ce uffan ba, don amana ce a wurinta. Babba ya durƙusa ya ce, "Inna, sai gobe." Ya miƙe, ya kama ƙofa.

Na san ba bola za shi ba. Kuma na san ni na ɗauko masa, tun daga ƙarƙashin matashin ubansa, na ratso ƙasa biyu na kawo masa har hannu. Na nemi yadda zan tsayar da shi. In ce "kai", a ɗakin akwai wani namiji. In ce wa Alhaji ya kira shi, sai na faɗi dalili. Ƙofa ta buɗe, ƙafarsa ɗaya ta fita.

Na ce, "Isiyaku."

Tun ran suna ban furta shi ba. Ni kaina ban gane muryata ba. Ya tsaya cak, bai juyo ba. Na sake cewa, "Isiyaku, dawo ka zauna. Ubanka ya isa."

Ya juyo. Ranar na kalli fuskar ɗana sosai, ashe har ya fara furfura a gemu. Ya zauna a ƙasa gabana. Na kama hannun hagun na buɗe, na ɗora yatsana a kan tabon, na ce, "Na ga wannan a wayar Rabi." Bai musa ba. Ya fito da gwangwanin ya ajiye, ya kifa kai a gwiwata yana kuka kamar ranar laujen. Alhaji Garba ya shige ɗaki ya ba mu wuri.

Rabi ce ta lalata su da hannunta, ta zubar ta yadda ba wanda zai tsinta. Ta gaya masa a gabana kar ya yanke sha rana ɗaya, jikin da ya saba zai iya kayar da shi, sai da likita a rage a hankali. Shi kuma yana tsoron in ya je asibiti maganar ta kai kunnen kafili, a karɓe iƙamarsa, wato takardar zamansa, a koro shi. Na ce a koro shi ɗin, gonar ubansa tana nan. Kafin in taho ya je sau ɗaya, Alhaji ne ya raka shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke ba. Ban sani ba. Rabi ta ce hannun bai sake zuwa wayarta da sabon abu ba, ni kuma ban san ko in yi murna da haka ko in ji tsoro ba.

Dawowa ba abin faɗa. Matattakalar Habasha na hau ta ni kaɗai. Kun tambaye ni ina tsarabar Larabawa, na ba ku dabino kun ce ya yi kaɗan. Ga sauran a kan akwatina, gwangwanin ne, babu komai a ciki. Mai babur yana nan yana zuwa ran kasuwa, na gan shi makon jiya mazajenku sun kewaye shi. Mu ba mu da na'ura, ba mu da Rabi. Amma kowace ta san ƙarƙashin matashin mijinta. Ku ɗauki abin da kuka tarar ku kai ɗakin shan magani a duba muku, kar ku yi masa faɗa, kar ku tara masa jama'a.

Duk Juma'a yana bugo waya. Da can ƙanwarsa ke karɓa ta isar mini da gaisuwa. Yanzu ni ke karɓa. Malama Asabe ta ɗaga biro tana tambaya ko ta goge sunan, kar a karanta a gaban mutane a ce tsufa ya cire mini kunya. Bar shi, Malama. Isiyaku. Rubuta shi da kyau, ya fito.